Wai da gaske yawan oksijin na zamanin da ne ya kawo kwal da fetur?

Sadauki_Fagge:
Salamu alaikum jama'ar gida. Don Allah masu ilimin ƙasa da duwatsu ku raba mu gardama. Ƙanina da yake jami'a ne ya dage wai akwai lokacin da duniyar nan babu iskar oksijin kwata-kwata, sannan akwai lokacin da ta yi yawa har ta fi ta yanzu, kuma wai wannan yawan nata ne ya kawo kwal da man fetur. Ni abu biyu ne suka ɗaure min kai. Waye ya auna iskar shekara miliyan 300 baya, da wane ma'auni? Sannan meye haɗin iskar da muke shaƙa da abin da ake haƙowa can ƙarƙashin ƙasa?

Mai_Shakku:
Wa alaikumus salam. Ka ji irinta ko. Hasashen gobe ma sai a ce za a yi ruwa a wuni ana ƙwalla rana, amma wai an san iskar shekara miliyan 300 hhhh

UmmuSultan:
Na shimfiɗa tabarmata a nan, ina masu abin suke?

Malama_Duwatsu:
Wa alaikumus salam Malam Sadauki. Ƙanin naka ya kamo rabin zancen, ɗaya rabin kuma ya kife shi, za mu zo wajen. Bari in fara da tambayar Mai_Shakku don ita ce tushe. Ba wanda ya auna iskar kai tsaye, dutse ake tambaya, domin akwai ma'adinan da ba sa jure oksijin ko kaɗan. Akwai wani da ake ce wa farait, haɗin ƙarfe ne da farar wuta, yana sheƙi ruwan ɗorawa har yana yaudarar sababbin masu neman zinare, masu haƙa sun san shi sarai. In ka bar shi a fili ruwa da iska suna dukansa ba ya daɗewa zai ruɓe ya koma tsatsa, shi ya sa da wuya ka ga kogin yau ya ɗauko shi ya yi nisa da shi. To amma a Afirka ta Kudu, a duwatsun Witwatersrand da ake haƙar zinare tun 1886 a yankin Johannesburg, akwai tsakuwar tsofaffin koguna mai shekara kusan biliyan 2.9, a cikinta ga ƙwayoyin farait nan a mulmule sumul, alamar ruwa ya yi ta gangara da su tafiya mai nisa ba abin da ya same su, har da ƙwayoyin ma'adinin yuraniyom wanda shi ma narkewa yake in ya haɗu da ruwa mai oksijin. Daga wajajen shekara biliyan 2.4 zuwa 2.3 sai irin wannan tsakuwar ta ɓace a duwatsun duniya, a maimakonta aka fara ganin jan dutsen yashi wanda tsatsa ta rine. Ka ga wani abu ya canza a iska ke nan.

Mai_Shakku:
Malama shaida ɗaya ai ba ta yanke hukunci ko a kotun alƙali

Malama_Duwatsu:
To ga ta biyu. A shekarar 2000 wani masani James Farquhar da abokan aikinsa suka gano cewa farar wutar da ke cikin tsofaffin duwatsu tana ɗauke da wata alama da ba ta samuwa sai in zafafan haskokin rana sun daki hayaƙin dutse mai aman wuta ba tare da shamaki ba. Shamakin nan shi ne rufin ozon, shi kuma ozon daga oksijin yake samuwa. Alamar tana nan a duwatsun Ostareliya da Afirka ta Kudu da Kanada, sai ta ɗauke cak a wajajen biliyan 2.3, daidai lokacin da waccan tsakuwar ta ɓace. Hanyoyi biyu ne da ba ruwan ɗaya da ɗaya suka nuna lokaci guda. Duniya kuma shekararta kusan biliyan 4.5, wato ta yi kusan rabin rayuwarta ba oksijin a sarari ke nan.

JikanMaƙera:
Ikon Allah. Malama ni nan wajen tsatsar ne ya ja hankalina don mu gidanmu ƙira muka gada. Ana ba mu labari maƙeran farko da suka zauna Kano tama suka biyo har gindin Dala, suna fasa jan dutsen nan suna narkawa su fitar da ƙarfe. To wannan jan dutsen na Dala shi ma na wancan lokacin ne?

Malama_Duwatsu:
A'a Malam, na Dala marmara ce, yarinya ce ƙarama in aka kwatanta. Ita ruwan sama da zafin ƙasarmu ne suka wanke dutse tsawon lokaci suka tafi da abin da zai narke suka bar tsatsar ƙarfe a sama. Aikin oksijin ne ita ma amma na baya-bayan nan. Wanda ya shafi zancenmu wani dutse ne daban mai zane-zane. Ina da guntunsa a ofis wanda aka ɗebo daga Maru ta Zamfara, in ka ɗauka sai ka ji ya fi girmansa nauyi, in ka jiƙa shi da ruwa layukan su fito raɗau, baƙi mai ɗan sheƙi sai ja-ja sai fari-fari sai baƙi kuma, wani layin bai kai kaurin farce ba, baƙin shi ne ƙarfen. Akwai irinsa a tsaunukan Muro na Nasarawa, tamar Itakpe ta Kogi da aka gina masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta dominta ita ma danginsa ce sai dai zafi da matsi sun sake dafa ta.

Yadda ya samu kuwa, tekun wancan zamanin cike yake da narkakken ƙarfe, saboda in babu oksijin ƙarfe narkewa yake a ruwa ya zauna abinsa. Sai ga wasu ƙananan halittu dangin gansakukar nan da take yin kore a bakin rijiya, suna amfani da hasken rana suna fitar da oksijin. Duk wanda suka fitar ƙarfen ruwa ya cafke shi ya zama tsatsa ya kwanta a ƙasan teku, ga iskar da duwatsu masu aman wuta suke fesowa ita ma tana cinye nata. Kamar mai ɗinbin bashi ne, duk abin da ya samu masu bi sun karɓe, sai ranar da samunsa ya fi abin da ake binsa sannan za a ga ya fara tari. Daga nan oksijin ya fara taruwa a sama.

Ɗan_Zango_Kumasi:
Wlh na ga wannan dutsen da idona ban san tarihinsa ke nan ba. Na yi zama a Nuwadibu ta Muritaniya, jirgin ƙasan da yake kwaso tama daga Zuwerat tafiyar kilomita 700 a cikin sahara, tsawonsa ya haura kilomita 2, in yana wucewa sai ka gaji da ƙirga taragu, mutane har hawa suke kan tamar kyauta su sauko fuska baƙi ƙirin kamar ba su ba

JikanMaƙera:
Ke nan rodin da muke saya a kasuwa asalinsa tsatsar gansakuka ce? Kai jama'a

Ɗalibar_Kimiyya:
Kusan haka ne Yaya, don manyan ma'adinan ƙarfen duniya irin wannan dutsen ne, Hamersley a Ostareliya, Karajas a Brazil, Simandu a Gini. Amma Malama ki ba ni dama in ƙara wani abu da aka koya mana, da yawa daga manyan shimfiɗun nan sun kwanta ne tun kafin oksijin ya taru a sama, kuma akwai masu ganin wasu ƙwayoyin bakteriya ne da suke amfani da hasken rana su mayar da narkakken ƙarfe tsatsa kai tsaye ba tare da sun fitar da oksijin ba suka yi wani ɓangare na aikin. Ba duka za a jingina wa gansakuka ba.

Malama_Duwatsu:
Haka ne ƙanwata, ana wannan muhawarar har gobe. Abin da ba a jayayya a kai shi ne teku mai narkakken ƙarfe haka ba zai yiwu ba in da ruwan ƙasansa na da oksijin, kuma bayan wajajen biliyan 1.8 dutsen ya kusa daina samuwa gaba ɗaya.

Sadauki_Fagge:
Na gode ƙwarai, ɓangaren babu ɗin na gamsu. Saura kwal da fetur, don nan ne muka fi ɗaga murya

Injiniya_Gombawa:
Wannan ai mai sauƙi ne. Zamanin da ake kira Kabonifaros, daga shekara miliyan 359 zuwa 299, oksijin ya kai kashi 35 cikin 100, yanzu kuwa 21 ne. Iska ta yi kyau bishiyoyi suka yi girma na fitar hankali, wasu mita 30 zuwa sama, suka faɗi suka taru suka zama kwal. Yaron yana da gaskiya.

Ɗalibar_Kimiyya:
Injiniya da girmamawa amma an juya zancen. Bishiya ba oksijin take ci ta girma ba, iskar kabon take ja ta haɗa da ruwa da hasken rana ta yi jikinta, oksijin shi ne abin da take zubarwa. Ranar da ta mutu ta ruɓe ko gara ta cinye ta ko aka ƙona ta, daidai oksijin ɗin da ta fitar a rayuwarta shi za a sake cinyewa, an tashi babu riba babu faɗuwa. Hanya ɗaya da oksijin zai yi saura a sama ita ce a binne bishiyar inda ba za ta ruɓe ba. A wancan zamanin dazuzzukan fadama ne, itace ya faɗi cikin ruwan da ba ya gudu laka ta rufe shi wani ya faɗo a kansa haka haka shekara miliyoyi, kabon ɗin ya tafi ƙasa oksijin ɗinsa ya zauna a sama. Ke nan binne kwal ɗin ne ya ɗaga oksijin, ba oksijin ne ya kawo kwal ba.

Injiniya_Gombawa:
To ai duk tafiyar ɗaya ce, tare suka zo

Ɗalibar_Kimiyya:
Tare suka zo amma wani ne ya haifi wani Injiniya, kuma tambayar Malam Sadauki ke nan

Mai_Shakku:
Ni 35 ɗin nan ce ban yarda da ita ba. Waccan ta akwai ko babu na ji, amma a ce 35 ba 34 ba ba 36 ba?

Malama_Duwatsu:
Nan kam ina bayanka Mai_Shakku, kada a riƙe 35 kamar karatun mita. Lissafi ne, wanda ya fi shahara da shi Robert Berner ne na jami'ar Yale, ya ƙiyasta yawan kabon da farait da aka binne a kowane zamani ya fitar da oksijin ɗin da zai yi saura. 35 ita ce can ƙololuwa, wasu lissafan suna tsayawa tsakanin 25 da 30. Amma cewa ya fi na yau akwai shaida a cikin kwal ɗin kansa. In ka fasa kwal na wancan zamanin za ka ga wasu siraran layuka masu laushi da suke ɓata hannu, gawayi ne na gaske, na gobarar daji, a madubin ƙara girma har ƙofofin itacen ana gani. Wuta ba ta ci a daji in oksijin ya yi ƙasa da wajen kashi 16, in ya yi sama sosai kuma ko ɗanyen itace mai laima ci zai yi. Kwal ɗin ƙarshen Kabonifaros da zamanin da ya biyo shi gawayin da ke cikinsa ya ninka na fadamun yau, fadama ce fa mai ruwa amma tana ta cin wuta.

UmmuSultan:
Ni na taɓa jin wai har ƙwari manya aka yi lokacin, gaskiya ne ko na masu bidiyo ne?

Malama_Duwatsu:
Gaskiya ne Hajiya. A 1880 a mahaƙar kwal ta Commentry a Faransa an tono burbushin wani ƙwaro dangin mazari, buɗin fukafukansa kusan santimita 70. Ƙwaro ba shi da huhu, ta wasu ƙananan bututu iska take ratsa jikinsa, don haka in oksijin ya yi yawa zai iya girma. A 2018 kuma a gaɓar teku a arewacin Ingila aka sami burbushin ƙadandoniya da aka ƙiyasta tsawonta ya kai mita 2.6.

UmmuSultan:
Innalillahi. Ƙadandoniya ta fi ƙofar ɗaki tsawo?? Ni ta damina ma in ta shigo sai na kira yara, Allah na gode maka da ka kawo ni a kashi 21

Ɗalibar_Kimiyya:
Hhhh Anti. Sai dai ita waccan ƙadandoniyar shekararta miliyan 326, kafin oksijin ya kai ƙololuwa, shi ya sa ake cewa ba iska kaɗai ba ce, har da abinci da rashin masu farautarta. Ƙwari masu tashi ma an lura sun ƙanƙance bayan tsuntsaye sun bayyana

DanArlit:
Salamu alaikum, ina biye da ku tun ɗazu sai yanzu na samu rezo. Ku kuna ta Faransa da Ingila alhali kwal ɗin wannan zamanin yana nan jihar Agadas. Mahaƙar Anu Araren kusa da Cirozerin, ta kamfanin SONICHAR, kwal ɗinta na Kabonifaros ne, da shi ake ba Agadas da Arlit da ma'aikatun yuraniyom wuta. In ka tsaya bakin ramin ka dubi kewaye babu komai sai duwatsu da rairayi da ƴan ƙayoyi, ka ce wai nan fadama ce da dazuzzuka, wani ba zai yarda ba sai ka nuna mishi shatar ganye a jikin dutse. Malama ke da kika ce yuraniyom narkewa yake cikin ruwa mai oksijin, to namu na Arlit ya aka yi ya taru waje guda?

Malama_Duwatsu:
Sannu da zuwa Malam, tambayarka ta haɗa zancen biyu waje ɗaya. Asalin yuraniyom ɗin a warwatse yake cikin duwatsun Azbin. Ruwa mai oksijin ya narkar da shi ya bi da shi ta cikin dutsen yashi a ƙarƙashin ƙasa, har ya iso inda aka binne guntattakin itace da ganye da farait tun zamanin Kabonifaros. Wannan tarkacen ya zuƙe oksijin ɗin ruwan, yuraniyom ya kasa zama a narke ya kwanta nan, shekara da shekaru yana taruwa a layi ɗaya. Shi ake haƙa a Arlit tun 1971. In da babu oksijin a sama ba zai taso daga Azbin ba, in da babu mataccen tsiro a ƙasa ba zai tsaya a Arlit ba.

Mafi ban mamaki a wannan babin yana Gabon. A 1972 Faransawa suka auna yuraniyom ɗin da aka kawo musu daga mahaƙar Oklo suka ga nau'in da yake kama wutar nukiliya ya yi ƙasa da yadda yake a ko'ina, 0.717 maimakon 0.720 cikin 100. Da aka bi diddigi sai aka gano kusan shekara biliyan 2 baya, bayan oksijin ya samu ruwa ya tara yuraniyom a wajen har ya yi kauri, lokacin kuma wannan nau'in ya kai kashi 3, sai wajen ya kama aiki da kansa irin na tashar nukiliya, yana yi yana tsayawa tsawon dubban ɗaruruwan shekaru.

Mai_Shakku:
Wannan kuma sai na je na bincika da kaina kafin in ce komai

Baba_Reluwe:
Assalamu alaikum yarana. Jikata ce take rubuta min. Mahaifina ɗan wuta ne a jirgin ƙasa, a kwatas ɗin reluwe na Zariya na tashi, kwal ɗin Inugu da shi muka girma. Yakan dawo gida ido kaɗai ne fari. Yana cewa kwal ɗin Inugu yana saurin kamawa amma ga toka ga tartsatsi, sai ka yi ta zuba shebur ba hutawa. A 1909 Turawa suka gan shi a Udi, saboda shi aka ja layin dogo zuwa Fatakwal, a 1949 kuma aka harbe mahaƙa 21 a Iva Valley, wannan duk ɗan reluwe na lokacin ya san shi. To shi ma na zamanin manyan ƙwarin ne?

Malama_Duwatsu:
Barka da yamma Baba, Allah ya ƙara lafiya, Allah ya jiƙan mahaifi. A'a Baba, na Inugu shekararsa wajen miliyan 70 ne, na ƙarshen zamanin dainoso, haka na Okaba a Kogi da na Maiganga a Gombe duk kusan sa'anni ne. Bai daɗe a ƙasa ba kuma bai nutsa da zurfi ya dahu sosai ba, shi ya sa bai kai na Ingila ƙarfin wuta ba.

Ɗalibar_Kimiyya:
@Injiniya_Gombawa ka ga na garinku ma ya ba da shaida, Maiganga ta zo bayan Kabonifaros da shekara sama da miliyan 200 kuma ga kwal. Fadama yake buƙata da ƙasar da take nutsewa a hankali

Injiniya_Gombawa:
Na ji, amma me ya sa na Kabonifaros ya fi yawa? Ni abin da na karanta shi ne lokacin babu naman gwarin da yake iya ruɓar da itace, sai daga baya ya bayyana shi ya sa kwal ya ragu

Malama_Duwatsu:
An yi wannan maganar, wani bincike na 2012 ya ƙarfafa ta kuma ta yi farin jini don tana da daɗin ba da labari. A 2016 wasu masana daga Stanford suka yi mata raddi, suka nuna akwai burbushin itacen wancan zamanin da alamar ruɓa a jikinsa, kuma yawancin jikin manyan bishiyoyin ɓawo ne ba itace mai tauri ba, sannan in da gaske ba abin da yake ruɓewa da iskar kabon ta ƙare a sama cikin ɗan lokaci. Bayaninsu shi ne lokacin nahiyoyi suna karo da juna suna haɗewa, Turai da Arewacin Amurka suna kan tsakiyar duniya inda ruwan sama ba ya yankewa, gefen sababbin tsaunuka kuma ƙasa tana lotsawa, fadama tana cika tana nutsewa. Ni wannan na fi karkata gare shi.

Ustaz_Gwale:
Jama'a a riƙa sa in sha Allahu da wallahu a'alam a irin wannan zance. Biliyoyin shekarun nan ya za a haɗa su da halittar sammai da ƙasa a kwana shida?

Baba_Reluwe:
Malam ai kwana a wurin Ubangiji ba irin namu ba ne, an ambaci yini mai tsawon shekara 1,000 an ambaci mai 50,000. A bar wa malaman tafsiri wannan, su kuma waɗannan a bar su da duwatsunsu

Ustaz_Gwale:
Haka ne Baba, tunatarwa ce kawai. A ci gaba ina saurare

Sadauki_Fagge:
To fetur fa? Mu tun muna yara ake ce mana kitsen dainoso ne

DanArlit:
Hhhh in da haka ne da Gadufawa ta fi Saudiyya mai, ƙasusuwan dainoso a fili suke kwance can

Malama_Duwatsu:
DanArlit ya gama magana. Mafi yawan lakar Neja Delta ma ta kwanta ne bayan dainoso sun ƙare shekara miliyan 66 baya. Fetur daga ƙananan halittun ruwa yake, gansakukar teku da danginta waɗanda ido ba ya gani ɗaya-ɗaya, a Neja Delta har da tarkacen tsiron da kogi ya kwaso. Kuma nan ne maganar ƙanin naka ta fi kifewa, don shi fetur RASHIN oksijin yake so. Ka je tsohon kududdufi da rani ka luma sanda cikin taɓon ka zaro, sama-sama ruwan ƙasa ne amma can ciki baƙi ƙirin yana warin ruɓaɓɓen ƙwai har da ƴan kumfa suna tasowa. Baƙin nan matattun halittu ne da ba su sami oksijin ɗin da zai cinye su ba, kumfan kuma iskar gas ce. In irin wannan lakar ta taru a ƙasan teku aka binne ta kilomita 2 zuwa 4, zafi ya kai tsakanin digiri 60 da 150, sai ta fara tsatso mai, in zafin ya wuce haka ta koma gas. Bahar Aswad, tekun da ke arewacin Turkiyya, yau haka take, daga wajen mita 200 zuwa ƙasa babu oksijin. An yi lokuta da manyan sassan tekunan duniya suka zama haka, ɗaya wajen shekara miliyan 94 baya, kuma lakar irin waɗannan lokutan ce ta ba da kaso mai yawa na man duniya.

UmmuSultan:
To mu da ba mu da teku daga ina man Kolmani zai fito?

DanArlit:
Hajiya da teku fa. Namu na Agadem da ake tacewa a matatar Damagaram tun 2011 ai tsakiyar hamada yake

Malama_Duwatsu:
Ƙwarai, akwai lokutan da ruwan teku ya ratso sahara daga arewa, ya shigo ta kwarin Binuwai daga kudu. Dutsen da ake siminti da shi a Kalambaina ta Sakkwato cike yake da ɓawon halittun teku, akwai ma wani ƙaton dabban teku da aka tono ƙasusuwansa a yankin aka sa masa suna Goronyosaurus saboda Goronyo. Kolmani tana cikin wannan kwarin na Binuwai ta sama, tsakanin Bauchi da Gombe.

Mai_Shakku:
Tun Nuwamban 2022 da aka yi bikin Kolmani ni dai ko lita ɗaya ban gani ba

Injiniya_Gombawa:
Kada ka taɓo min inda yake min ƙaiƙayi Malam

Admin_Zaure:
A dawo kan duwatsu don Allah, siyasa tana da nata zauren

JikanMaƙera:
To ni wani tsoro ne ya kama ni. In binne kwal da mai ne ya bar mana oksijin, yanzu da muke tonowa muna ƙonawa ba cinye shi muke ba?

Ɗalibar_Kimiyya:
Cinye shi muke Yaya kuma ana aunawa, Ralph Keeling a cibiyar Scripps ta Amurka yana bin sa tun wajen 1990, yana raguwa da kusan 4 cikin miliyan duk shekara. Amma abin da ke akwai wajen 209,000 ne cikin miliyan, ka ga ba abin da zai hana ka barci ba ne. Dalili kuwa kwal da man da za a iya haƙowa ɗan mitsitsi ne cikin kabon ɗin da aka binne, mafi yawansa a warwatse yake cikin duwatsun laka ba mai iya tattaro shi balle ya ƙona. Matsalar tana ɗaya gefen, iskar kabon da ta tashi daga 280 zuwa sama da 420 cikin miliyan, ita da ma kaɗan ce shi ya sa ƙarin ya yi tasiri

Sadauki_Fagge:
To yanzu a taƙaice yaron ya ci gardamar ko ni na ci?

Mai_Shakku:
Kai da ka ce ba a yi ba sam ai ba ka cikin lissafi hhhh

Injiniya_Gombawa:
Ni har yanzu ina ganin a ba shi. Ko Malama ta ce oksijin ya yi yawa lokacin kwal, kuma ba don oksijin ya yi rufin ozon ba wace bishiya ce za ta fito doron ƙasa balle a binne ta? Itacen kansa sai da oksijin tsiro yake iya ƙera shi

Ɗalibar_Kimiyya:
Wannan kuma wata magana ce daban Injiniya, samuwar oksijin daban, hawansa sama da na yau daban. Shi yaron cewa ya yi YAWAN ne ya kawo su, kuma ya haɗa har da fetur

Malama_Duwatsu:
Maganar ozon ɗin Injiniya tana kan hanya, ba zan ture ta ba. A kwal ku ci gaba da ja, a fetur kam bai ci ba. @JikanMaƙera in kana son ganin dutse mai zanen ba sai ka kama hanyar Maru ba, duk sashen ilimin ƙasa na jami'a za ka samu suna da samfurinsa a kabad, ka tafi da maganaɗisu ka gwada baƙin layin da jan layin ka ga wanne zai kama

DanArlit:
Malama kafin ki tafi, jan yashin da ke hanyar Ingal fa, na wane zamani ne shi?

Injiniya_Gombawa:
A amsa min tawa tukuna, in hawan oksijin bai ƙara komai ba me ya sa gobarar da kika ce ta yi yawa ba ta cinye fadamun ta hana kwal ɗin taruwa ba?